Falo na Baƙi, Inuwa ta Masu Gida

A watan Afrilu, wajen ƙarfe uku na rana, ɗakin da ya fi kowane cin kuɗi a sababbin gidajen Maraɗi shi ne wanda ba kowa a cikinsa. Kujerun kushin masu ruwan zinariya a kafaɗa suna nan a jere, wasu ko ledar da aka kawo su da ita ba a yaye ba. Labule mai nauyi ya zubo tun daga silin har ƙasa, tayil yana ɗaukar ido, talabijin ya kusa cinye bango guda. Sai dai kwanon rufi ya sha rana tun hantsi, bulon siminti ya haɗiye zafi ya ƙi saki, in kuma wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ba mai iya minti goma a wurin. Mutanen gidan duk suna waje. Uwargida tana kan tabarmar kaba a gindin bedi tana tsinkar zogale, yara sun kewaye randa, maigida ya ja kujerarsa ta igiya zuwa inda iska ke ɗan ratsowa.

Haka abin yake a unguwar Zariya, haka yake a Ali Ɗan Sofo, kuma ya fara bin hanyar Tibiri da ta Jiratawa, duk inda aka yanka filaye ana aza harsashi. Mutane suna son gida mai kyau, kuma wannan so ba abin kunya ba ne. Wanda ya yi shekaru yana tara dala-dala ya cancanci ya shigo gida ransa ya yi fari. Inda ya kamata a tsaya a yi tunani shi ne wurin da ake samo samfurin kyan. Yau kusan duka daga fuskar waya ake kwafo shi, daga gidajen da aka gina don wata rana daban da wata iska daban, alhali abubuwan da suka fi ƙawata zaman gida a wannan yanki suna nan kusa, wasu a tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba, kuma hannun maƙwabta ne ya yi su.

Kada a ɗauka kira ake yi a juya wa kayan waje baya. Garin da fatauci ya gina ba zai iya hakan ba, ko da ya so. Bayan Katsina ta faɗa hannun mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. A 1945 ambaliyar Gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, Faransawa suka mayar da shi kan tudu, suka ja tituna a miƙe, suka yanka filaye kusurwa huɗu-huɗu. Daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe, bayansa na kan iyaka, har aka sami Alhazan da Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Duk abin da ya fito a Kano, kafin a jima ya biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ya sauka a babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a. Gidan mutumin Maraɗi ya daɗe da sabawa da baƙon kaya.

Abin lura shi ne yadda iyaye da kakanni suka karɓi baƙon. Ɗakin amarya ya fi ko'ina nuna hakan.

A da dukiyar ɗaki ƙorai ne. A fafe duma, a kankare shi fes, a yi masa zane da ƙarfe mai zafi, a jera babbar ƙwarya a ƙasa ƙarama a bisa, a kife faifai a kai, wasu a rataye su a ragaya. Sai tasa ta shigo, sai kwanukan sha masu fenti da furanni, langa da kwalla da samira, waɗanda aka fara kawowa daga Turai da Asiya kafin masana'antun Najeriya su soma ƙera su. Daga baya kwaba mai gilashi ta zo da tangaran, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, Ba'amurkiya da ta zauna da matan garin a ƙarshen shekarun 1980, ta fitar da littafi a 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, kuma ta ba kayan ɗaki da kyaututtukan biki babban wuri a cikinsa, don ta ga ta nan mace ke nuna darajarta da yawan mutanenta.

Kwanon baƙo ne, amma jeren na gida ne. Ba wanda ya ƙera samira a wata ƙasa da nufin a yi mata hawa-hawa har kusa da rufi. Matan nan ne suka ga za ta yi. Ranar jere gwaggwanni da ƙawayen uwa suke cika ɗaki, ɗaya a kan turmin da aka kife tana karɓa, ɗaya tana goge kwano da tsumma tana miƙawa, babbar cikinsu tana zaune bakin gado tana ba da umarni. Yarinya ta ɗago kwano ta ce, "Gwaggo, a sa wannan nan?" Tsohuwa ta ce, "A'a ɗiyata, jan fure ba ya bin jan fure. Raba su, ido ya huta." Wannan ilimin tsara launi ne, ko da ba a lakwal aka koye shi ba. Kuma kowane kwano yana da mai shi a tarihi: wannan inna ta kawo, wancan gudummawar maƙwabciya ce da za a rama in bikin ɗiyarta ya zo. In rana ta ɓaci, mace tana iya zare biyu ko uku ta sayar ta yi magani ko ta ja jari, jeren bai rushe ba.

A kwatanta da saitin da ake yayi yanzu: gado da sif da madubi da kujeru, launi guda, fitowa guda, yawanci na garin katako da aka matse aka liƙa wa leda mai sheƙi. Ranar kai amarya ba abin da ya kai shi kyau a hoto. Damina biyu, in laima ta taɓa ƙafarsa, sai ya kumbura ya fara zubar da gari. In aka tashi daga gidan haya zuwa wani, kusoshinsa ba su sake kamawa. Mai sayen na hannu kuwa ko rabin kuɗin ba ya tayawa. Kuma wannan ne kayan da uba ke sayar da gona dominsa, uwa ta kwashe adashin shekara ta ƙara da bashi. Abin yana da ciwo musamman a wannan jiha, domin a nan ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin asusun da daga baya ƙasashe da yawa suka ɗauka. Matan da suka koya wa duniya yadda ake tara kuɗi kaɗan-kaɗan ya zama jari bai dace guminsu ya ƙare a katakon da ba zai ga yayen ɗan fari ba.

Laifin ba na amare ba ne, kuma ba na iyayensu mata kaɗai ba. Idon dangin miji ne ake tsoro, da bakin ƴan ganin ɗaki, da wayar da za ta ɗauki hoto ta watsa kafin magariba. Samfurin ma ba su suka ƙirƙira shi ba. Fina-finan Kano ne suka fara shigo da falon Alhaji cikin kowane ɗaki, shirye-shiryen Indiya da na Turkiyya suka ɗora, TikTok da Instagram suka ƙarasa. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne injin wuta da ke ruri a bayan gidan da na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki dare da rana. An kwafo kujerun, ba a kwafo sanyin ba. Shi ya sa falo ya zama kamar rigar Sallah, sau biyu ko uku a shekara ake shigarsa, sauran kwanakin ana kaɗe masa ƙurar hunturu.

Shekarar 2023 ta gwada gidajen nan gwaji mai tsanani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Maraɗi da Damagaram, waɗanda layinsu ke fitowa daga Katsina ta Gazawa, sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma sai bayan da aka ɗage takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar a watan Fabrairun 2024 al'amura suka fara komawa daidai. A cikin waɗannan watanni, da zafin Oktoba a tsakiyarsu, kowa ya gane abin da yake da amfani a gidansa. Firiji ya koma ma'ajiyar kwanuka. Randar da aka tura bayan ɗaki aka jawo ta, aka wanke, aka nemo mata murfi.

Randa ta cancanci a dawo da ita gaba-gaba, ba don tilas ba. Jiratawa, kudu da Maraɗi kan hanyar Madarumfa, ta yi suna da maginan tukwane, kuma yumɓun kwarin Gulbi ne jarinsu. A jiƙa shi, a kwaɓa, a buga har jikin tulu ya yi sirara daidai, a shanya a inuwa, a gasa. Abin da ke fitowa yana da kyan da roba ba za ta taɓa yi ba: ja mai duhu, wani wuri da tabon baƙi inda wuta ta lasa, ciki a kumbure, wuya a tsuke, ba biyu da suke daidai da juna. Aikinta kuwa hikima ce tsantsa. Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska tana kwashe shi tana tafiya da zafin. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin ruwan, wato a watannin da aka fi bukatarta ta fi aiki. Da wannan dabara ce wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye tumatir da ganye, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000.

A duba randa a gidan da aka san darajarta. Tana zaune a kusurwar rumfa kan yashi mai laima, an rufe bakinta da faifai mai zanen ja da baƙi, moɗa tana kife a bisa. Wasu mata kan turara ta kafin su zuba ruwa, wasu su jefa saiwar jema, sai ruwan ya fito da ƙamshin da mai gidan zai tuna ko yana Makka. Masu kiwon lafiya suna da ƙorafi na gaskiya: hannu da moɗa suna shiga suna fita, yara suna tsoma abin da suka ga dama. Maganin ba jefar da randa ba ne. A sa mata famfo a gindi, a ɗora ta kan ƙafar ƙarfe da kowane mai walda a Sabon Gari zai iya haɗawa, a rufe bakin. Randa biyu ko uku masu girma daban-daban a kan irin wannan ƙafa sun fi gilashin furannin roba ƙawata mashigin gida nesa ba kusa ba.

Jiratawa tana da wani abin koyi bayan tukwane. Filin noman rani na fiye da hekta 500 da aka gyara a can a farkon shekarun 1980 ya mayar da garin gidan zogale, kuma wanda ya bi ta wurin a tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya yi fari fat, ya san abin da kore ke yi wa zuciya. Tsakar gida ma tana iya samun rabonta. Zogale biyu a jikin katanga, lalle a matsayin shinge, lemun tsami ko gwanda a inda ake alwala don ruwan ya gangara gindinsu. Ba sai an sayi ko guga ɗaya na ƙari ba.

A nan ne wani abin takaici yake. A jihar Maraɗi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da a lokacin yake aiki da mishan ta SIM, ya fara a 1983 jawo hankalin manoma su daina tumɓuke kututturan gona, su zaɓi toho mai ƙarfi su rene shi. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta bazu daga manomi zuwa manomi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, Rinaudo kuma ya karɓi kyautar Right Livelihood a 2018. Manomin ƙauye ya mayar da gawo gonarsa. Ɗansa da ya yi kuɗi a birni kuwa, in ya sayi fili, abin da yake fara yi shi ne sare itacen da ya tarar, sannan ya malale tsakar gida da siminti ko tayil daga bango zuwa bango, wai don kada ganye ya ɓata wuri. Daɓen nan yana shan rana yini guda, da dare ya mayar wa masu kwana a waje. Ruwan sama kuma ba ya samun inda zai nitse, sai ya fita titi ya tarar da na maƙwabta. Bedi guda da aka bari a gefen yamma na gida ya fi kowace kujera da za a saya daraja, kuma shi kaɗai ne kayan gidan da ke ƙara kyau yana tsufa.

Tibiri kuma darasinta na tsari ne. A tsofaffin unguwanninta, da kewayen fadar Sarkin Gobir, har yanzu ana shiga gida ta zaure. Baƙo ya yi sallama ya zauna a inuwa mai sanyi, ba ya ganin cikin gida, matan gida ba su takura ba. Ƙofar waje da ta ciki ba su kallon juna, don haka ido ba ya wucewa amma iska tana wucewa. A nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake sulhu, a nan yara ke karatun allo. Sabon gini ya soke zaure ya sa ƙofar ƙarfe ta mota a gurbinsa, sannan ya rasa inda zai sauke baƙo, ya ƙirƙiro falo a tsakiyar gida, inda duk namijin da ya shigo sai mata sun tashi sun nemi mayafi. Mai fili mai faɗin mita 20 bai rasa inda zai fitar da ɗan zaure ba. Abin da ya rasa shi ne mai zanen da zai tuna masa.

Wanda kuma yake neman launi, ya tsaya bakin hanya ranar hawan Sallah a Tibiri ko a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ya kalli dawaki. Jan fata da kore da rawaya a jikin linzami, jalala mai aiki a kan sirdi, farin rawani, baƙin shuni mai ƙyalli. Launuka ne masu ƙarfi da aka san yadda ake zaunar da su kusa da juna ba su yi faɗa ba, kuma an gwada su a ƙarƙashin wannan rana ɗaruruwan shekaru. Ɗakin da aka shafa wa farar ƙasa, aka jefa masa tum-tum biyu na jar fata da luru mai ratsin shuɗi a kan gado, ya gama ado.

Fatar ma ta gida ce. Jar akuyar Maraɗi, ƴar'uwar ta Sakkwato, tana cikin awakin da fatarsu ta fi daraja a duniya saboda laushi da ƙarfi. Irinta ce a da ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun ƴan Maroko suna ɗaure littattafai da ita. Tun 1963 akwai cibiyar kiwon wannan akuya a Maraɗi. Majema suna jeme fatar da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, dukawa su yanka su ɗinka. Amma yawancin fatun ɗanye suke barin jihar, wasu su zama jaka da takalmi masu tsada a Italiya, yayin da falon mai akuyar ke cike da kujerun fatar roba da ke ɓarewa in zafi ya yi zafi, ta kuma manne wa mutum a baya in ya yi gumi.

Tabarmar kaba ma haka. Kwarin Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa, cike yake da goriba, kuma mata da yawa a ƙauyukan can da saƙa suke rufa wa kansu asiri. Tabarmar roba ta fi araha, ta fi sauƙin wankewa, wannan gaskiya ne. Amma a shimfiɗa su biyu a rana ɗaya a ga wadda mutum zai iya kwanciya a kai. Asabari a bakin ƙofa yana tare ido da ƙuda ya bar iska ta shiga, in aka yayyafa masa ruwa da azahar har sanyi yake turowa, abin da labule mai nauyi bai taɓa yi ba.

Duk wannan ba zancen masu kuɗi ba ne kaɗai. Ɗakin da ya fi burge mai ziyara a Bagalam ko Mokoyo sau da yawa ciki ɗaya ne a gidan haya. Matar ta share ƙofarta tun asuba ta yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. Zanen gado a miƙe, kwanuka shida ko bakwai a goge, kaskon turaren wuta a bayan ƙofa yana hayaƙi siriri, tsintsiya da buta kowace a mazauninta. Ba abu ɗaya mai tsada a ɗakin, amma mai shiga ba ya son fita.

Sai babbar tambaya, wadda ba a kauce mata: ginin ƙasa. Kowa ya san ɗakin soro mai kaurin bango ya fi na bulo da kwano sanyi da rana, ya fi shi ɗumi da hunturu. Kowa kuma ya ga abin da daminar 2024 ta yi. A ƙarshen watan Agusta ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Maraɗi, aka rasa rayuka, gidaje da yawa suka zube, galibinsu na ƙasa. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, shi ma ya rushe. Wanda ya kwana yana tare bango da hannu ba za a zo masa da zancen kyan tubali ba, kuma yana da gaskiya in ya ce da ya sami hali siminti zai saya.

Sai dai abin da ruwa ya fi ci shi ne ginin da ba harsashi, wanda aka yi a hanyar ruwa, wanda indararonsa ya toshe, wanda aka shekara biyar ba a yi masa yaɓe ba. Magina na da sun san makuba, sun san yadda ake ɗaga gindin bango, sun san duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an duba. Kuma akwai masu nuna cewa ƙasa tana iya tafiya da zamani. A Yama, cikin jihar Tawa, masallacin da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Kafin nan Mariam ta yi gidajen zama da irin wannan tubali a Yamai. A Burkina Faso, Francis Kéré ya yi suna da makarantun ƙasa masu rufin kwano da aka ɗaga sama aka bar rata iska tana bi, har ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022. Harsashi na dutse da siminti, bango na matsattsen tubali, rufi mai baki da ke kare bango daga feshi, tagogi masu kallon juna: ba ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin maginin Maraɗi in an nuna masa sau ɗaya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana cikin garin, tana koyar da aikin gini. Gida guda na gwaji da mutane za su shiga da ƙafarsu a watan Mayu su ji bambanci a jikinsu zai yi abin da taron bita ɗari bai yi ba.

Masu sana'a su ma da nasu. Ba a ɓoye ba ne cewa baduku kan ce "jibi" ya zama wata guda, kafinta ya auna ƙofa da ido ya kawo wadda ba ta shiga, rinin tabarma ya zuba a jikin farar riga, fata ta zo da warin jima da bai fita ba. Mace mai aiki da ke son filo shida iri ɗaya kafin ranar suna ba ta da lokacin jele. Za ta shiga kanti ta ɗauki na Sin, kuma ba za a ga laifinta ba. In ana son kayan gida su shiga falo, dole su zo a kan lokaci, da awo, da gamawa mai tsabta.

Masu saye kuma su dubi halinsu. Mutumin da zai biya kuɗin kafet ɗin Turkiyya bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya kan tsohuwa mai tabarma yana ce mata, "Haba Inna, rage mini," har sai ta sallama a kuɗin da bai biya kabar ba, balle kwanakin da ta yi tana saƙa. Da irin wannan ciniki ba ɗiyar da za ta gaji uwarta a sana'ar, ba ɗan da zai zauna gindin ubansa ya koyi bugun tulu alhali kabu-kabu yana kawo kuɗin cefane kullum.

A 2015, lokacin bikin ƙasa na 18 ga Disamba, shirin Maraɗi Kwalliya ya gyara tituna da gine-ginen hukuma, garin ya yi fes na ɗan lokaci. Irin wannan hoɓɓasa ba ta taɓa shiga cikin gidaje ba, kuma ba sai da kuɗin gwamnati za ta shiga ba. Otal-otal da ofisoshin garin da ke sauke baƙi daga Yamai da Kano suna iya fara sa tum-tum da asabari da randa mai famfo a inda ake ganinsu. Masu sayar da saitin amare suna iya ware kusurwa guda ta kayan Jiratawa da na dukawan gari, da farashi a rubuce. Ƴan matan da ke tallan labule da zanen gado a WhatsApp, waɗanda suka fi kowa sanin abin da amare ke so, su ne suka fi dacewa su je wurin masaƙa da magina da awo da launi a hannu, su ba da aikin guda ashirin-ashirin, su biya rabin kuɗi tun kafin a fara. Lokacin ba da irin wannan aiki shi ne bayan girbi, sa'ad da hannun manoma ya sarara, yumɓu yake bushewa da wuri, bukukuwan aure kuma suke ƙaratowa.